Ƙofar Kabad ɗin Baba

Wuta ta riga ta kama katakon kafin Auta ta dawo daga wanke hannu. Ta doki jan maɓallin injin leza mai yanka katako da haske, ta ɗaga murfi, ta danne harshen wutar da jiƙaƙƙen tsumma. Hayaƙi ya turnuƙe shagon nata. Yayanta, wanda kowa ke kira Direba, yana tsaye gefen kwamfuta hannu a aljihu kamar ɗan kallo.

"Yaya, me ka taɓa?"

"Lamba ɗaya tak. Na ga talatin, na mayar da ita ɗari. Abin nan tafiya yake kamar tirela a hawa."

"Totur ka ɗauka?"

Ta janye tsumman. Rabin katakon ya zama gawayi, sauran ya dare.

Katakon ba na kasuwa ba ne. Mahaifinsu kafinta ne, kuma a duk abin da ya ƙera, kabad ɗaya ya rage a gidan bayan rasuwarsa. Gara ta cinye jikinsa, ta bar ƙofofi biyu. 'Ya'yansa shida suka yarda Auta ta yanka musu ƙananan firam shida, kowa ya sa hoton Baba a nasa. Yanzu saura ƙofa ɗaya, kuma da ta auna, shidan za su fita da ƙyar, ba wurin kuskure ko na yatsa ɗaya.

Ta shimfiɗa ta a cikin injin, ta danne kusurwoyi huɗu da ƙarafa, ta sa ƙarfin wuta ashirin da biyar.

"Sau nawa zai bi layin?" in ji Direba.

"Goma sha biyu."

"Auta, ƙarfe huɗu zan ɗau lodi!"

"To ka tafi. Katakon nan ya girme ni, ya bushe ƙayau, ga tsohon fenti a jikinsa. Zafi lokaci ɗaya kama shi yake. Kaɗan-kaɗan ake cinsa, a bari ya huce, a sake."

Bai tafi ba. Ɗigon haske ya bi layinsa, ya bar zane siriri kamar na fensir. Ya dawo ya sake bi. Bayan kowane zagaye Auta takan dakata ta hure tokar, ta taɓa katakon da bayan yatsa. Direba ya duba agogo, ya fita, ya dawo, ya ce ko Baba da zartonsa da tuni ya gama ya sha shayi.

A zagaye na bakwai ya miƙa hannu.

"Bari in ɗaga in leƙa ko ya huda."

Ta make hannun da rula.

"Ni kika doka? Ni da na goya ki?"

"Idan ya gusa ko da faɗin gashi ne, hasken ba zai koma kan sawunsa ba. Layi biyu za a samu, firam ya lalace. Ka yi haƙuri, Yaya, ka riƙe hannunka."

A na goma sha biyu, biyar suka saki da kansu. Na shida ya maƙale a inda katakon ke da ƙulli mai tauri. Direba ya ce a ɗan ƙara wuta, sau ɗaya dai. Ta yi kamar ba ta ji ba, ta ƙara zagaye biyu a kan ashirin da biyar ɗin. Ƙas, ya faɗo, gefensa sumul, launin zuma.

Tana jera su a kan tebur aka yi sallama. Wani mutum ne a bakin ƙofa da jakar tafiya, shekarunsa kamar hamsin. Ba su taɓa ganinsa ba, amma goshin nan da tsayuwar nan sun san su sarai, na Baba ne sak.

Ya dubi teburin, ya ƙirga da ido.

"An ce nan ake raba kabad ɗin Baba," ya ce. "Shida kawai kuka yanka?"