Ƙwayar da Ta Ƙi Narkewa

"Ba zan ƙara matsin ba, Murray."

Da ƙarfi na faɗa, saboda ƙarar injin, kuma don masu cika kwali su ji. Murray ne shugaban sashenmu a masana'antar magani da ke garin Dandenong, can ƙetaren teku. Ni kuwa sabuwar ɗauka ce, ina zaman gwaji, kuma shi zai ce a tabbatar da ni ko a sallame ni.

Ƙwayoyin maganin hawan jini muke bugawa. Gangar garin magani ta farko ta tafi lafiya, amma garin da ya biyo baya an busar da shi fiye da kima, ya ƙi kama jikinsa. Ka murza ƙwaya a yatsa, sai samanta ya ɓalle kamar murfin tukunya.

"Haba Losa, ƙawata. Ɗan ƙara matsin kawai ƙwayoyin su yi tauri, mota ta kwashe kafin Kirsimeti."

"Taurin kam za su yi. Sai dai su fita daga cikin mutum yadda suka shiga."

"Masu gwaji sun ɗauki nasu tun safe, sun ce lafiya lau."

"Na gangar farko suka ɗauka. Kai ma ka sani."

Ya cire gilashi ya goge da gefen riga. "To Farfesa, tun kina cikin zanin goyo nake buga ƙwaya."

Don in nuna masa, na ɗaga matsin zuwa inda yake so, na buga 'yan kaɗan, na jefa ɗaya cikin kofin ruwan ɗumi. Muka tsaya muna kallo. Ƙwayar kirki, kafin ka gama gaisawa da mutum ta fara wargajewa. Wannan ta kwanta a gindin kofin kamar tsakuwa, sai sheƙi take yi. Idan matsi ya wuce gona da iri, ƙananan kafofin da ruwa ke bi ya shiga duk toshewa suke. Na kashe injin, na liƙa jan kyalle a kan sauran gangunan, alamar kada a taɓa, na kira ɗakin gwaji da kaina.

Sai da aka mayar da garin aka sake jiƙawa da busarwa. Aikin ya cinye mana Asabar, ranar da sashenmu ya shirya gashin nama a bakin teku. An riga an sayi tsiren alade da jatan lande, wasu har sun yi wa yaransu alkawari.

A hutun shayi na zauna, benci ya watse. Anti Huong ce kaɗai, dattijuwar da ke kula da injin kwali, ta turo mini rabin burodinta.

"Ci, mai taurin kai. Ke ma an matse ki da yawa, ba kya narkewa."

"Anti, ƙarya na yi?"

"Wa ya ce kin yi ƙarya? Amma a gaban mutane kika tsinka shi. Namiji mai furfura!"

"A gaban mutane ya ba ni umarnin."

Ta kaɗa kai, tana dariya ƙasa-ƙasa.

Bayan hutun Kirsimeti aka mayar da ni ɗakin wanki. Ni da na yi karatun harhaɗa magani, sai ga ni ina goge ƙarafan da ke buga ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, ina shafa musu mai. Zafin Janairu, tsakiyar bazara a ƙasar nan, ya cika ɗakin, safar hannu ta sa yatsuna suka yi fari suka tattare. Ban makara ko sau ɗaya ba, ban kuma nemi a sauya mini wuri ba. Duk wanda ya leƙo ya ce, "Farfesa, ya wanke-wanke?" sai in ce, "Ya fi naka aikin tsabta."

Murray ya zo da kansa wata rana, ya jingina da ƙofa.

"Ki ce kin yi gaggawa, a gaban ma'aikatan. Shi ke nan, Litinin ki koma injinki."

"Ban yi gaggawa ba."

"Losa, taimakonki nake son yi."

"Na sani. Na gode."

Da wa'adin gwajina ya cika ba a tabbatar da ni ba. Na rasa aikin, na rasa shaidar da zan kai wata masana'anta, kuma a cikin mutanen sashen nan kaf, Anti Huong ce kawai ta raka ni bakin ƙofa.