Sharaɗi na Bakwai

Ni ce babbar ungozoma a ƙaramin asibitin haihuwa da ke ƙarshen kwalta, daidai inda hanya ke gangarawa zuwa kogi. Kowa Sista yake ce mini, har maigidana idan tsokana ta motsa masa. Gadaje takwas gare mu, da ɗakin haihuwa ɗaya, da dogayen benci biyu a baranda inda mata ke zama ranar awo. Wutar sola, da firjin allurai, da motar ɗaukar masu naƙuda, duk wata hukumar agaji ta ƙasar waje ce ta kawo, kuma shekara shida ke nan tana riƙe da mu.

A watan da za a sabunta yarjejeniyar, Ciyaman na kwamitin tsaron yankinmu ya aiko a kira ni. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo lemo, sannan ya turo mini takarda. Ya ce ƙasar da ke ba da tallafin ta sauya tsari. Daga yanzu duk yankin da ke son taimako sai ya nuna yana ba da haɗin kai wajen yaƙi da 'yan ta'adda. Sharuɗɗa tara ne a takardar, takwas ba su shafe ni ba. Na bakwai kuwa cewa ya yi asibiti zai riƙa miƙa wa kwamiti kwafin rajistarsa a ƙarshen kowane mako: sunan mace, sunan mijinta, ƙauyensu, da lambar waya.

Fiye da rabin matan da nake dubawa daga tsallaken kogi suke zuwa, kuma can ne dajin da masu bindigar suka yi sansani. A cikin mazajen matan nan akwai wanda ya bi su da ƙafarsa, akwai wanda aka tafi da shi dole, amma mafi yawa manoma ne da masunta da ba su da wurin gudu. Ni ban taɓa tambaya ba. Ciki nake aunawa.

Na ce masa zan yi tunani. Ya ce tunanin yana da mako uku, domin da sun cika wakiliyar hukumar za ta zo sa hannu.

Ban san ta inda maganar ta fita ba, amma ta riga ni isa bakin kogi. Litinin ɗin da ta biyo baya, maimakon mata arba'in da muka saba gani, goma sha ɗaya ne suka zo awo. Ta gaba, shida. Mataimakiyata ta share barandar sau biyu don rashin abin yi. Abinci ya daina shiga mini. Maigidana, wanda malamin makaranta ne, ya ce idan na ci gaba da ramewa haka za a ɗauka albashinsa ne ya gaza, in taimaka in rufa masa asiri.

Yayana shi ne tafintan hukumar a yankin. Na same shi a gida na zube masa komai. Ya ce shi baki kawai yake ara wa mutane, ba shi yake rubuta takardu ba, kuma shawararsa in sa hannu, domin asibiti mai rajista a hannun kwamiti ya fi asibitin da aka kulle. Na ce masa ba sai an kawo kwaɗo ba, matan sun riga sun kulle shi. Muka rabu kowa da fushinsa, har matarsa ta biyo ni ƙofa tana ba ni haƙuri.

Saura kwana huɗu wakiliyar ta zo, da hantsi, wata tsohuwa ta iso da surukarta kwance a bayan kura, wani mai kwalekwale yana turawa. Yarinyar ta haihu a gida da asuba, jini ya ɓalle, suka tsaya jiƙe-jiƙe saboda tsoron littafin rajistata. Leɓenta ya yi fari kamar takarda. Muka ɗaura mata ruwa a hannu biyu, na ciro allurar tsayar da jini daga firji, na danne mahaifar da hannuna har kafaɗata ta sage. Sai bayan azahar jinin ya tsaya. Da na ɗauko rajista na tambayi sunanta, tsohuwar ta kawar da kai ta ce ta manta. Na rubuta "baƙuwa, gado na uku" na rufe.

Ranar nan na daɗe tsaye gaban firjin. Ba don shi ba da yarinyar ta mutu. Ba don takardar da ake so in sa wa hannu saboda shi ba, da ta haihu lafiya a kan gadona.

Wakiliyar ta zo ranar Alhamis. Doguwar mace ce mai furfura a goshi, ba ta rabuwa da jaka a bayanta, shi ya sa ma'aikata ke kiranta Mai Jakar Goyo. Ciyaman yana gefenta da sabuwar hula, Yaya yana bayansu yana fassara. Ta duba firji, ta leƙa ɗakin magani, ta fito baranda ta tsaya tana kallon bencin. Ta tambayi ina matan da take gani a rahotanni. Ciyaman ya yi caraf ya ce lokacin aikin gona ne.

Na ce, "Yallaɓai, ka gafarce ni, ba gona ba ce. Sharaɗi na bakwai ne." Sannan na kwashe duk abin da ya faru na faɗa.

Yaya ya dube ni, na dube shi. Ina jin harshen nasu gwargwado, don haka na kasa kunne ko zai rage wani abu. Bai rage ba. Ya faɗa mata komai, har labarin gado na uku, har ma ya ƙara da adadin matan da suka zo Litinin, wanda ni ban ambata ba.

Ta sauke jakar a kan benci ta ciro tata takardar. Ashe a rubutun da suka aiko babu maganar asibiti ko rajista. Abin da suka nema shi ne kwamiti ya nuna hanyar da mutanen gari ke isar da bayani ga jami'an tsaro. Ofishin Ciyaman ne ya duba ya ga babu abin da ya kai littafina sauƙin samu, ya cike gurbin da shi.

Na fara murna, amma ba ta bar ni na sake ba. Ta ce gaskiya za ta faɗa mana: su ma akwai na sama da su, kuma na saman suna son hujja a rubuce. Idan ta koma da gurbi na bakwai a wofi, babu wanda zai sa hannu a tallafin, ko na asibiti ko na rijiyoyi. Ciyaman ya shiga gyara hularsa.

Sai muka ji gyaran murya daga ƙofar ɗakin masu jego. Tsohuwar nan ce, da jaririn a kafaɗa. Ashe duk tana ji. Ta ce da Yaya, "Ɗana, faɗa wa baƙuwar nan abin da zan ce, kada ka sa masa gishiri."

Ta ce ɗanta, mijin yarinyar da ke kwance, masu bindigar ne suka kashe shi wata biyar da suka wuce don ya ƙi ɗaukar musu man fetur a jirginsa. Ta ce babu wanda bai san mashigar da suke tsallakar da man ba, har yara sun sani. Sau uku mutanen ƙauyensu suna aiko da saƙo ga kwamiti, babu wanda ya zo. A na ukun, kwana biyu tsakani sunan wanda ya kawo saƙon ya isa daji, dole ya kwashe iyalinsa ya bar gonarsa da amfani a tsaye.

"Mu ba mu ƙi magana ba," in ji ta. "A ba mu inda za mu faɗa ba a tambaye mu suna ba, kuma idan mun faɗa a zo. Littafin 'yar nan kuwa a bar mata abinta. Shi kaɗai ne wurin da ake rubuta sunanmu don a taimake mu."

Mai Jakar Goyo ta zauna a bencin, ta ɗora takardar a gwiwarta. Aka yi kusan awa ɗaya ana ja ana saki. A ƙarshe aka tsaya a kan layin waya da za a kira ba tare da faɗin suna ba, wanda babban ofishin tsaro zai riƙe, ba kwamitin gari ba, da kuma jirgin sintiri a kogi ranakun kasuwa. Ni kuma na yarda a riƙa duba ɗakin maganina duk wata uku a tabbatar babu abin da ke sulalewa daji. Wannan ko a ranar aka ce a duba ba ni da fargaba. Ciyaman ya ce dama abin da ke ransa ke nan tun farko, sakatarensa ne bai fahimce shi ba. Babu wanda ya musa masa.

Ta ja layi da biro a kan tsohon sharaɗin, ta rubuta sabon a gefe, suka sa hannu ita da Ciyaman.

Da motocinsu suka tashi, na bar barandar. Na zauna a dakalin ɗakin magani, sai ga yunwar mako uku ta taso gaba ɗaya. Mataimakiyata ta haɗa mini shayi, na cinye burodi guda ni kaɗai, tana tsaye tana kallona tana dariya. Can da yamma Yaya ya kira a waya ya ce yana fata na lura da irin fassarar da ya yi. Na ce na lura, har da abin da ban faɗa ba. Ya ce wannan kyauta ce, kada in saba.

Na sa aka yi kwafin shafin na manna a bangon baranda. Yawancin matan ba sa karatu, amma kowa na gane rubutun da aka soke. Sauran aikin tsohuwar ce ta yi shi. Ranar da aka sallami surukarta ta tsaya a bakin teburina ta faɗi sunan yarinyar da na marigayin da na ƙauyensu, ta jira har na rubuta, sannan suka tafi. Mai kwalekwalen ya gaya mini tun kafin jirgi ya kai tsakiyar ruwa ta fara ba da labari, kuma a bakinta ita ce ta karɓi biron ta soke layin.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Jirgin sintirin yana zuwa wata kasuwar, wata kuma a ce babu mai. Har yanzu mukan ji harbi daga can nesa. Amma an kama kwalekwale biyu da jarkokin mai a mashigar da tsohuwar ta faɗa, kuma babu wanda sunansa ya fita. Litinin ta farko mata goma sha tara suka zo, ta uku sai da muka aro kujeru daga makaranta.

A cikinsu akwai wata 'yar siririya da ta tsaya tana murza katinta bayan na gama auna ta. Da ƙyar ta ce, "Sista, sunan da ke jikin katin nan ba nawa ba ne." A makonnin tsoro ta zo, ta ba da sunan kakarta. Da sauran suka ji ban yi faɗa ba, sai ga wasu huɗu sun miƙo nasu. Ɗaya sunan maƙwabciyarta ta ara, ga shi maƙwabciyar ma yanzu ta samu ciki ta zo, suna neman su yi rigima a kan kati ɗaya. Muka zauna da mataimakiyata muna gogewa muna sake rubutawa, tana mita wai hannunta ya gaji, ni kuwa ina ta dariya har da hawaye.

Ƙarfe huɗu na miƙa aiki na tafi gida a ƙafa. Na tarar maigidana ya dafa shinkafa ta kama ƙasan tukunya, yana ƙoƙarin ɓoye ƙanzon kafin in shigo. Na ce ya zubo har da shi.