Yadda Matar Koci Ta Gaje Kujerarsa

Kowa a unguwar da Koci ya san shi, ko da yake bai taɓa horar da kowa ba. Mai aski ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti, da kujerun aski biyu, da dogon benci, da madubin da gefensa ya fara baƙi. A filin ƙwallo ya samo sunan, inda ya shekara talatin da ɗaya yana zama a sahu na huɗu, ɓangaren da inuwa ke fara sauka, yana ɗaga murya yana gaya wa 'yan wasa abin da za su yi. Ba su taɓa bin maganarsa ba, shi kuma bai taɓa fasawa ba.

Ƙungiyar garinsu, masu shuɗin kaya, ba wata gagaruma ba ce. Sau biyu tana faɗawa rukunin ƙasa a kan idonsa, sau biyu tana dawowa, kuma duk yana wurin. Yakan ce wanda ya fara son ƙungiya ranar da ta ɗauki kofi, kofin yake so, ba ita ba.

Abu ɗaya ne ba ya rabuwa da shi a fili, sigari. A shago ba ya sha in da mutum a kujera, a gida kuwa sai ya fita ƙofar waje, saboda matarsa na da ciwon asma tun tana yarinya. Amma da zarar alƙalin wasa ya busa usur, sai kara ya bi kara har a tashi.

Wata Litinin da hantsi ƙanin matarsa, wani direban motar kaya da ake kira Dogo, ya shigo shagon yana murmushin da Koci ya san ba na alheri ba ne. Tare suke zama a sahu na huɗu, kuma tsokanar mijin yayarsa ita ce sana'arsa ta biyu. Ya zauna a benci ya karanto sanarwa daga wayarsa: daga wasan farko na sabuwar kaka, an hana shan taba a ko'ina cikin filin wasa.

Nan take shagon ya kaure da musu. Mai fenti, da ya leƙo aron tsintsiya, ya ce an daɗe ana jiran wannan doka, don shi duk ranar wasa sai ya koma gida riga na wari kamar wanda ya kwana a murhu. Mai gyaran waya ya ce doka ce ta takarda, wa zai bi mutum dubu takwas yana shinshina bakinsu. Wani tsohon malamin makaranta da ke ƙarƙashin kilifa ya ce shi jikokinsa yake tunani, ya daɗe yana son kai su kallo. Koci ya gama askin, ya kaɗe tawul, ya shafa wa malamin hoda a ƙeya.

"Lokacin da babu rufi babu kujera, a kan siminti muke zama ruwa na dukanmu," in ji shi. "Yanzu an yi rufi an sa kujerun roba, mu ne muka zama abin ƙyama. To su riƙe filinsu. Ƙafata ba za ta sake taka shi ba."

Dogo ya tuna masa cewa ai ya riga ya yanki tikitin kakar gaba ɗaya. Koci ya ce ko a jikinsa. Da ya koma gida ya ɗora tikitin a kan firij, ya danne shi da kwalbar magani.

Ranar wasan farko ya buɗe shago, abin da bai taɓa yi ba a ranar wasan gida. Ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa, wai don masu zuwa aski. Yana cikin gyara wa wani makanike gefen kai mai sharhi ya ƙwala ihu, hannun Koci ya zabura, kilifa ta yi hanya tun daga kunne har tsakiyar kai. Su biyun suka tsaya suna kallon madubi. Makaniken ya tambaya wa ya ci, aka ce masu shuɗi ne. Ya ce to ba komai, a kwashe sauran. Ya shigo da suma, ya fita da kai kamar ƙwai, yana ta dariya.

Mako biyu bayan haka, ranar wasan gida na biyu, Koci na shan shayi a falo sai matarsa ta fito daga ɗakin da take ɗinki. Labule da zannuwan gado take ɗinkawa, keken ɗinkinta na jikin taga, da wata 'yar tsohuwar rediyo a gefe. 'Ya'yansu uku duk sun girma sun kama gabansu. Ya lura ta yi shiri, har da takalmin da take sawa in za ta yi tafiya mai nisa.

"Baban yara, tikitin nan na kan firij, kana da aiki da shi yau?"

Ya ce ba shi da.

"To ni ina da."

Ya ɗauka wasa take yi, sai ya ji hon ɗin motar Dogo a waje. Sau ɗaya tak ta taɓa zuwa filin, suna sabon aure, hayaƙi ya toshe mata ƙirji aka fito da ita tun kafin hutun rabin lokaci. Tun daga ranar ba ta ƙara tayar da maganar ba. Ta jefa maganin asmarta na shaƙa a jaka, ta ce abincinsa na cikin kula, ta fice ta bar shi da kofi a hannu.

Rana ba ta faɗi ba ta dawo, murya a dishe, fuska sai annuri. An tashi canjaras, ɗaya da ɗaya. Koci ya gyara zama zai yi mata bayanin inda matsalar take, tunda ya ji a rediyo, sai ta riga shi. Ta ce ɗan bayan hagu yana yawan hawa gaba, mai lamba shida kuma ba ya rufe masa gurbi, ta nan aka zura musu ƙwallon. Ta ce irin wannan ramin ne ya jefa su rukunin ƙasa shekara goma sha tara da suka wuce, har ta faɗi minti nawa aka ci su a wasan ƙarshe na waccan kakar. Koci ya saki baki. Shi duk zatonsa tana kunna rediyon ne don ta san da wace fuska zai dawo gida. Ya tambaye ta me ya sa ba ta taɓa gaya masa ta san ƙwallo haka ba.

"Shekara talatin kana ba ni labarin wasa," in ji ta, tana cire takalmi. "Yaushe ka taɓa tsayawa shan iska har in sa baki?"

Dogo, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya ƙara gishiri. Ya ce mutanen sahu na huɗu sun ce a gaishe shi, kuma kada ya damu ya yi ta hutawarsa, an samu sabon Koci, wannan ma ta san abin da take faɗa.

Makonni biyun da suka biyo baya Koci bai ji daɗinsu ba. Masu zuwa aski suka riƙa tambayarsa ra'ayin matarsa a kan 'yan wasa. Ga shi wasan gida na gaba da 'yan ƙetaren kogi ne, tsofaffin abokan hamayyarsu, wasan da bai taɓa bari ya wuce shi ba, har shekarar da ya karye a ƙafa da sanda ya je.

Ranar wasan ya tashi ya ciro tsohuwar rigarsa mai shuɗi daga ƙasan akwati, ya goge ta da kansa. Ya ce wa matarsa rakiya kawai zai yi mata zuwa ƙofar fili, don yau akwai cunkoso. Ta ce ta gode. A bakin fili ya jingina da motar Dogo ya sha kara biyu a jere, yana kallon jama'a na tururuwa ciki, ana kaɗa ganguna, ana hura ƙaho. Dogo ya zaro wani tikiti daga aljihu, ya ce wai wani abokinsa ne ya fasa zuwa, kuma abin mamaki kujerar tana jikin ta Yaya. Koci ya san ƙarya ce. Ya ce zai shiga ne kawai ya ga ta zauna lafiya. Ya jefa kwalin sigarin da ashana a kan kujerar motar, suka bi layi.

Da suka hau sahu na huɗu mutane suka miƙe suna tafa masa kamar ɗan wasan da ya dawo daga jinya. Mai fenti ya ce ashe ƙafar ta canza shawara. Koci ya ce ƙafar tana kan bakanta, takalmi ne ya kawo shi. Can ƙasa ya hango tsohon malamin da jikokinsa uku, kowa da 'yar tuta. Iska ta kawo masa ƙamshin ciyawar da aka yanke da safe, ya tsaya yana tunanin ko da can ma haka filin yake ƙamshi.

Minti ashirin da fara wasa 'yan ƙetaren kogi suka ci. Hannun Koci ya tafi aljihun riga da kansa, ya tarar ba komai. Ya laluba na wando. Ya fara kaɗa ƙafa har kujerar gaba na rawa, ya yi wa alƙalin wasa faɗa, ya yi wa mai ɗaga tuta faɗa, har da mai sayar da ruwa da ya tare masa gani. Matarsa ba ta ɗauke ido daga fili ba, ta buɗe jaka ta miƙo masa cingam. Ya ce shi ba yaro ba ne. Bayan minti biyu ya karɓa.

Da aka tafi hutu ya miƙe ya ce zai je mota ya dawo. A bakin matakala wata ma'aikaciyar fili mai riga ruwan ɗorawa ta gaya masa cikin ladabi cewa wanda ya fita ba ya dawowa. Ya daɗe a tsaye, hannu ɗaya a kan ƙarfe, yana kallon ƙofar fita yana waiwayen fili. Sai ya ji magoya baya sun ɗauko waƙar da suke yi duk ranar da aka ci su, wadda shi da wasu abokansa suka ƙirƙira tun suna samari. Ya juya ya hau, ya ce wa matarsa layin banɗaki ne ya yi tsawo.

Aka dawo, musu ya tashi tsakaninsu. Koci ya ce a cire mai lamba tara, ɗan wasan gaba, don tun da aka fara yawo kawai yake yi kamar wanda ya zo cin kasuwa. Ita ta ce ba laifinsa ba ne, ƙwallo ce ba ta isa gare shi, mai lamba shida ya kamata a cire. Sahun ya rabu biyu, wasu na bayansa, mafi yawa na bayanta. Ba a jima ba aka ɗaga allo, mai lamba shida ya fita. Ta dube shi ta gefen ido.

Saura kwata a tashi masu shuɗi suka farke da bugun kusurwa. Fili ya ɗauka. Daga nan babu wanda ya ƙara zama. Koci ya manta da aljihu, ya dawo Kocinsa na da, yana nuna wa kowa inda zai tsaya, matarsa na gefe tana ba da nata umarnin da ya saba wa nasa. A mintin ƙarshe aka ɗago ƙwallo daga dama, mai lamba tara ya tashi sama ya sa mata kai, ta daki ƙasa ta shige raga.

Koci bai san lokacin da ya rungume mai fenti ba, ya sake shi ya ɗaga Dogo duk tsawonsa, ya dire shi ya kama hannun matarsa biyu yana tsalle. Cikin haka ya haɗiye cingam ɗin. Da ya samu numfashi ya juya ya shaida wa sahun gaba ɗaya cewa shi dama tun farko ya san yaron nan mai lamba tara zai yi abin kirki. Dariyar da aka yi masa ta kusa kai ihun cin ƙwallon.

A waje ya ɗauki kwalinsa ya koma can nesa, inda iska ba za ta kai mata hayaƙi ba, ya kunna kara ɗaya. Bai daina shan taba ba, kuma har gobe in an tayar da maganar a shago yakan ce dokar ba ta yi wa tsofaffin magoya baya adalci ba. Amma a makon ya je ofishin ƙungiya ya yanki tikitin kujerar da ke jikin tata, tunda ta ce tasa ta riga ta saba da ita.

A hanyar komawa gida ranar, su uku a gaban motar, cunkoso ya riƙe su kusan awa guda, babu wanda ya damu. Dogo ya ce wasa na gaba a waje ne, tafiyar awa uku, ga mota in suna so. Matar Koci ta ce tana da labulen mutane guda shida da ta yi alkawarin gamawa, amma in Baban yara zai taya ta guga da ninki, za su ƙare kafin ranar. Koci ya ce wanda ya iya riƙe reza, dutsen guga ba zai gagare shi ba. Daga nan suka koma kan wanda ya kamata ya fara wasa a tsakiya, har suka iso ƙofar gida ba su daidaita ba.