Lemon da Ba a Sha

Da gwamnatin Gongola ta tura Vandi ƙasar Rasha karatun aikin gona, Mama Liyatu ta sa rai ɗanta zai dawo mata da tarakta. Sai ga shi ya dawo Mubi da mata, wata 'yar siririya mutuniyar Biyetnam mai suna Lan, wadda suka yi karatu tare. Tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa, ta ce wannan ko tulu ba za ta iya ɗauka ba. Amma a hankali yarinyar ta shiga ranta, don ko cokali za ta miƙa mata, da hannu biyu take miƙawa.

Abu ɗaya ne, Lan ba ta dariya. In ta dawo daga makarantar da take koyarwa, sai ta zauna gaban wata 'yar bishiyar lemon tsami da ta dasa a rabin duro jikin bango, ta yi ta kallonta. Vandi ya gaya wa uwarsa a asirce cewa kewar gida na cin matarsa, har ta fara zancen jirgin komawa ƙasarsu. Maganar ta tsaya wa Mama Liyatu a rai. Ba ta son yarinyar nan ta tafi, ko da yake ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba.

Bishiyar ce dai ba ta gane kanta ba. Matar da ta tsufa tana noma a gindin dutse, ina ta san shukar da ake yi don kallo? Lemo ya nuna ya yi rawaya, ba a tsinka, ba a kai kasuwa, kullum sai goge ganye da tsumma. Ga ta kuma da mura. Saboda haka da zarar babur ɗin Vandi ya fita da su da safe, sai ta zura hannu ta wajen bango ta tsinke ɗaya, ta matse a ruwan zafi. A ganinta ma taimako take yi.

Ran nan da yamma Lan ta kira ta, da Hausarta ta tsince-tsince.

"Mama, jibi sabon shekara namu. A garinmu kowane gida yana da itace kamar wannan. Fure, shi ne jikoki. Ɗanye, ni da Vandi. Wanda ya nuna, shi ne tsofaffi na gida. In duka suna nan, gida ya cika. Jibi mu sa shi tsakiyan falo, kowa ya zagaya ya gani."

"Tsofaffi kin ce?"

"I, Mama."

Mama Liyatu ta dubi bishiyar. Ashe tsofaffin gidan take ta shanyewa da ruwan zafi! Ta gaba akwai 'yan ƙalilan, amma bayan bishiyar ta riga ta share shi tas.

Washegari ta ɗaura zane sai kasuwa, wajen ƙawarta Fadimatu mai kawo lemo daga Digil. Har ta sunkuya kan lemon tsami, sai idonta ya faɗa kan na zaƙi, manya-manya, suna sheƙi. Nan shaiɗan ya raɗa mata: in dai lemo shi ne tsofaffi, don me za a yi su ƙanana kamar tsakuwa? Ta cika ƙwarya da manyan, ta biya ta sayi baƙin zaren kitso. Kafin mutanen gida su dawo ta ɗaure su ɗaya bayan ɗaya ta wajen bango. Rassan suka sunkuya, ta tokare su da kara, ta ja baya ta duba aikinta, ta ji daɗi ƙwarai.

Da safiyar bikin Lan ta sa wata doguwar riga ja. Vandi da maƙwabcinsu Bobboi suka cicciɓi duro suka nufi falo. Suna direwa karan ya zame, wani ƙaton lemo ya faɗo, ya gangara har gaban ƙafar Lan yana jan zare a bayansa.

Vandi ya dubi bishiya, ya dubi uwarsa, ya rufe fuska da hula. Ita kuwa ko gezau.

"Ikon Allah," in ji ta. "Ƙasan Mubi kenan. Ka shuka na tsami, ya ba ka na zaƙi."

"Har da zare, Mama?" Bobboi ya tambaya.

"Kai, wa ya sa bakinka?"

Lan ta ɗauki lemon, ta zagaya bishiyar tana taɓa kowane ƙulli. Kafaɗunta suka fara rawa. Mama Liyatu ta ce a ranta shi ke nan, kuka ne, yarinya ta tafi, kuma ni na kore ta. Sai dariya ta ɓarke. Lan ta yi ta yi har ta zauna a ƙasa da sabuwar rigarta, hawaye na zuba, ta kasa magana. Vandi ya sauke hula yana kallon matarsa kamar yau ya fara ganinta.

Da ta samu numfashi ta kama hannun tsohuwar da hannu biyu.

"Mama, ki nemo mini wani rabin duro. Baɗi mu yi itace biyu. Ɗaya nawa, na kallo. Ɗaya naki, na mura."

Mama Liyatu ta buɗe baki za ta musa zancen murar, sai ta tsaya.

"Baɗi kin ce?"

"Baɗi, Mama."

Tsohuwa ta juya da sauri ta yi waje, wai ta bar tukunya a wuta. A bakin ƙofa ta tsaya ta share ido da gefen zane, tana faɗa da murar da ta ƙi sakinta.