Shuɗin Zaren Widad

Munzali gadi yake yi a wani dogon bene a unguwar Mushairib, can ƙasar Larabawa, amma gidansu a Zariya gidan ɗinkin babbar riga ne, kuma shi ba ya iya ganin karkataccen ɗinki ya kawar da kai. Lokacin kullen korona ya saba da maƙwabciyarsa a unguwar Bin Omran, Ummu Rashad, wata tsohuwa Bafalasɗiniya, don shi yake yi mata cefane. Sana'arta sayar da mayafai masu ɗinkin hannu, aikin matan wani sansanin 'yan gudun hijira a Jodan. Ƙanwarta Widad tana cikinsu. Da allurar nan take ciyar da 'ya'ya biyar, ga ido ya fara yi mata gardama. Kullum abin yana cin tsohuwar a rai, don Widad ko mutuwa take yi, a waya "lafiya lau" za ta ce.

Ana saura mako guda a fara gasar kofin duniya kaya suka iso, kwali biyu. Tsohuwa za ta ganin likita, sai ta bar wa Munzali ya jera mata. Yana cikin ninkewa ya ga abin haushi: mayafai bakwai, aikin jan zare tsaf, amma kowanne da ɗigon shuɗin zare a gefe. Haba! Baƙin duniya su zo su ga wannan? Gogan naka ya ɗauko allura, ya warware, ya cike da ja, yana ta yaba kansa.

Da ta dawo ta bi mayafan ɗaya bayan ɗaya tana duba gefe. Ta sake bi. Sai ta zauna a kan kwali, ta rufe fuska.

"Lafiya, Mama?"

"Widad ta daina ɗinki, ɗana. Idon ya tafi. Duk abin da ta ɗinka sai ta sa mini shuɗin zare a gefe, don in san hannunta ne. Ga shi babu ko ɗaya."

Kunya ta kama Munzali kamar ya nutse. Ya zaro mayafan nan bakwai, ya faɗa mata aika-aikar da ya yi.

Ta kai ɗaya bakin taga, ta daɗe tana bin ɗinkin Widad da yatsa. Babu inda allura ta kauce. Sai ga ta tana dariya, hawaye na zuba. Ta make shi da mayafin a kafaɗa.

"Bakwai fa! Ni ko biyu ban sa rai za ta iya ba. Yalla, maza, sarkin gwaninta, zauna ka mayar mata da shuɗinta."