Tagar Mai Kwando

Wilf Thackray ya shekara talatin da ɗaya yana zagayawa da baƙi a birnin York, kuma in ka tambaye shi zai ce maka babu na biyunsa. Abin haushin shi ne, gaskiya ya faɗa. Da baya yake tafiya yana fuskantar jama'arsa, bai taɓa tuntuɓe ba, don ya san kowane dutse da ya turo kai a titunan nan. Ya san inda zai dakata ƙararrawar majami'a ta gama surutunta kafin ya ɗora magana, ya kuma san kwanar da Amurkawa ke fara tambayar banɗaki. A ƙirjin kwat ɗinsa akwai bajon ƙungiyar 'yan jagora, wanda in babu shi otal ba za ta haɗa ka da baƙo ko ɗaya ba. Dokar ƙungiyar a fili take. Ƙara wa labari gishiri ba laifi ba ne, amma wanda ya ƙirƙiri ƙarya ya kira ta tarihi, to ya yi ban kwana da bajonsa.

Wilf kuwa yana da irin wannan ƙaryar guda ɗaya, kuma ita ce ta fi komai nasa kasuwa.

A wani lungu da ke gangarawa kogi akwai tsohon gidan bene mai ƙaramar taga a sama. Kullum Wilf yakan ce shekara ɗari uku da suka wuce an yi ambaliya, wata Margery mai burodi ta yi kwana tara tana gashi a kan benen, tana zuro wa maƙwabta burodi a kwando ta wannan tagar. Sauran 'yan jagora suka sace labarin, kamar yadda suka saba. Wata Glenda ta buɗe gidan abinci a ƙasan benen, ta sa masa suna Kwandon Margery, ta rataye kwando a tagar. Magana ta yi ta girma har masu kula da tarihin gari suka ce za su kafa wa Margery allon tunawa a bango, suka ba Dakta Imogen Fairclough aikin bincike. Dakta Fairclough ɗin nan tana cikin kwamitin da ke bayar da bajo, kuma mace ce da ba ta yarda da ranar haihuwarta ba sai da ta ga takarda.

Ranar Asabar da safe Wilf ya ƙirga ayarinsa a ƙofar ganuwa, mutum goma sha huɗu. Ta sha huɗun ita ce, da jakar takardu a hammata.

"A'a, Dakta! Yau kin zo ƙaro ilimi ke nan?"

"Na zo jin Margery daga bakin mai ita, Mista Thackray. Wata huɗu ina nemanta. Babu ita a littafin haihuwa, babu a na aure, babu a na mutuwa. Shekarar da kake faɗa ma fari aka yi."

"Matan zamanin da ai ba su son a rubuta su," in ji Wilf. "Ki kula da matakala, akwai santsi."

Ya san ta taso shi a gaba, wannan ba a musu. Amma tsohon hannu ne, ko a fuska bai nuna ba. Ya hau da su kan ganuwa, ya nuna musu inda sojojin Rum suka aza harsashi da inda na baya suka ɗora nasu ginin. Ya kai su babbar majami'a, ya bar su suna ɗaga kai har wuya ya gaji. A lungun mahauta ya sa wani dogon mutumin Kanada ya miƙa hannuwa ya ga ko zai taɓa gidajen ɓangare biyu, kowa ya yi dariya. Ranar muryarsa har wani zaƙi ta ƙara. Dakta Fairclough na biye a baya, duk shekarar da ya ambata sai ta ɗan gyaɗa kai, don ko ɗaya bai kuskure ba. Wannan ya ƙara masa haushi, ya fi son a ce rubutu take yi.

Yana tafe yana lissafin mafita. Zai iya cewa daga bakin tsofaffi ya ji, ai babu mai kai mamaci gaban kwamiti. Zai iya tsallake labarin yau, ya ce lokaci ya ƙure. Ko wanne ya ɗauka, bajonsa na nan. Abin da ya hana shi sakewa shi ne, Margery ba daga iska ya samo ta ba.

Uwarsa ce. A kan benen nan aka haife shi, kuma yana ɗan shekara takwas aka yi ambaliyar, bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da burodi ma sai da katin rabon abinci na hukuma. A shekararsa ta farko a aikin nan ya riƙa ba da labarin yadda yake, sai ya ga baƙi na duba agogo. Wa zai ƙetaro teku don ya ji labarin mai wankau ta jiya-jiya, a garin da ko magudanar ruwa ta girmi ƙasarsu? Wata rana ya ce shekara ɗari uku, nan take idanu suka buɗe. Ya canja mata suna, ya canja mata sana'a. Kuma in za a faɗi gaskiya duka, har da 'yar kunya a ciki, don a lokacin bai so baƙi masu kyawawan takalma su san ɗan mai wankau ne ke gabansu ba.

Ƙarfe ɗaya saura suka isa Kwandon Margery, inda yawon ke ƙarewa da abincin rana. Glenda ta tarbe su da tire a hannu, ta hango Dakta, ta ja Wilf gefe.

"Kai tsoho, me waccan take yi a teburina? Fuskarta kamar mai binciken tsafta."

"Yunwa ta kawo ta. Ki cika mata romo."

"Wilf, in akwai wata a ƙasa ka gaya min. Na buga sabbin takardun abinci da labarin nan a baya."

"Kawo nama dai, Glenda."

Aka jera gasasshen naman sa da dankali, da kumburarren fanken nan nasu da ake cika wa romo. Al'adar Wilf ce ya miƙe kafin a sa cokali, ya nuna sama inda tagar take, ya ba da labarin Margery. Ya miƙe. Mutumin Kanada ya ɗaga kyamara. Dakta Fairclough ta naɗe hannu tana jira.

Wilf ya kai hannu ƙirji ya ɓalle bajon, ya ajiye shi kusa da farantinta.

"Riƙe min wannan, Dakta. Labarin da zan bayar ba na ɗan jagora ba ne."

Ya juya ga jama'a. "Jama'a, duk abin da na gaya muku tun safe ku kai shi ko'ina, zai tsaya. Amma wanda ke bayan takardar abincin nan, ni na ƙera shi. Babu wata Margery. Ba a yi shekara ɗari uku ba, sittin ne da 'yan kai."

"Na shiga uku," in ji Glenda, ta dire butar romo.

"Tagar gaskiya ce, ruwan ma gaskiya ne. Ya kai rabin ƙofar can. Matar da ke sama wankau take yi, tana wanke wa otal zannuwan gado. Tana da buhun fulawa guda da ƙanenta ya kawo mata daga ƙauye, wanda a lokacin in hukuma ta gani sai ta yi bayani. Da ta ɓoye abinta, da mun ci wata biyu. Sai ta kunna murhun da take dafa ruwan wanki, ta kama gashi. Da gawayi ya ƙare ta fasa kujera, da kujera ta ƙare ta fasa ƙofar kabad. Kwandon ma na wanki ne, ba irin wannan na kwalliya da Glenda ta rataye ba."

"Fam goma sha biyu na saye shi," in ji Glenda, amma a hankali.

"Kwana tara, gida goma sha ɗaya. Burodin kuwa kada in yi muku wata ƙaryar, ko kare aka jefa da shi sai ya yi ƙara. Amma babu wanda ya mayar." Ya dubi tafin hannunsa. "Na sani ne don ni ke riƙe igiyar. Uwata ce."

Babu wanda ya taɓa cokali. Mutumin Kanada ya sauke kyamararsa bai ɗauki komai ba. Wilf ya ji wani sauƙi da bai yi zato ba, ya kuma ji baƙin ciki, don ya san aikin nan shi ne rayuwarsa, kuma da hannunsa ya ajiye shi a kan tebur.

Dakta Fairclough ta ɗauki bajon ta jujjuya shi. "Ka san ba ni da ikon rufe ido, Mista Thackray. Shekara talatin kana faɗar wannan da sunan ƙungiya."

"Talatin cif. Shekarar farko gaskiya na faɗa, ba wanda ya saya."

"Kwamiti zai zauna ranar Alhamis. Ba na tsammanin za su mayar maka."

"Da ni ne su, ni ma ba zan mayar ba. Ci abincinki kafin ya huce."

Ta saka bajon a jaka, ta zuge. Sannan ta zaro alƙalami da takarda, karo na farko tun safe.

"Allon kuma fa?" in ji Glenda. "Shi ke nan an fasa?"

"Na Margery an fasa," in ji Dakta. "Wannan kuwa za a same ta a littafi, kuma wasu daga cikin gidajen nan goma sha ɗaya ba za su rasa mai rai ba. Ban yi alkawari ba, amma zan bi." Ta ɗago ta dubi Wilf. "Mene ne sunanta?"

Mutumin da ya yi awa uku yana magana ba ko kurɓar ruwa, sai ga shi ya ɗauki kofi ya kurɓa tukuna. Ya dafa kujera, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen tebur zai ji.

"Edna Thackray," in ji shi. "Ki rubuta mai wankau."