Tsohon Ma'aikacinmu

Shagon kafinta ba wurin ɗaukar hoto ba ne, amma wa zai gaya wa Auta? Yana gama makaranta ya buɗe wa sana'ar gidansu shafi a intanet, ya ɗora hotonsa sanye da kwat ɗin aro, ya harɗe hannuwa a ƙirji kamar mai jiran lambar yabo. A ƙasa ya rubuta cewa shi ne shugaban kamfani. Kamfanin kuwa shago ne mai ƙofa ɗaya, da teburin aiki, da zarto, da mahaifinsa.

A faɗi gaskiya, Auta ba rago ba ne. Shi ya shafe bango ɗaya da farin fenti, duk kujerar da Baba ya gama sai ya ja ta can ya ɗauke ta ta gaba da ta baya. Mabiya suka ƙaru, aiki ya fara shigowa. Baba bai san kan waya ba, bai kuma damu ya sani ba. Da ya ga an ɗaga ta sai ya ja jiki gefe yana dariya, ya ce, "Bari in kauce, kar in ɓata maka kaya."

Ranar da bai kauce ba, bai ma san ana ɗauka ba. Auta na zagaya wani teburi da waya, sai ga Baba a can kusurwa, ya duƙa yana goge katako, singiletinsa a yage ta hammata, garin katako ya yi masa fari a gemu. Bidiyon ya yi farin jini. Cikin masu sharhi wani ya tambaya, "Wane ne wancan dattijon?"

Auta ya dubi singiletin, ya dubi hotonsa mai kwat. Yatsansa ya riga hankalinsa: "Tsohon ma'aikacinmu ne, ya daɗe tare da mu."

Nan da nan aka hau yabonsa, wai ga matashi mai riƙon amana, bai kori tsoho ba. Abin ya ɗan sosa masa rai, amma yabo da daɗi, sai ya bar shi. Ai Baba ba ya karanta sharhi.

Wata safiya mota ta tsaya a ƙofar shago. Wata mata ce mai shirin buɗe makaranta, tana neman wanda zai yi mata kujerun azuzuwa gaba ɗaya, irin aikin da shagon bai taɓa gani ba. Ta shigo tana kaɗa labulen ƙura da hannu, ta yi kiciɓis da Baba.

"Ah, kai ne!" ta ce da fara'a. "Na gan ka a bidiyo. Maigidanka ya ce kai ne tsohon ma'aikacinsa. Wallahi shi ya sa na zo, mutumin da ya riƙe ma'aikaci haka ba zai cuce ni ba. Yana nan?"

Auta na tsaye a jikin farin bango, sanye da kwat ɗin nan. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kalma uku kawai ake bukata, wannan mahaifina ne, amma ya ga kujerun nan suna ficewa ta ƙofa, sai bakinsa ya yi nauyi.

Baba ya ajiye guduma a hankali. Ya dubi ɗansa, kallo ɗaya, ba harara a ciki. Da ma harara ce, da ta fi sauƙi. Sannan ya jawo kujera, ya goge ta da gefen zanen aikinsa, ya ce wa matar ta zauna.

"Yallaɓai," ya ce, har da ɗan rusunawa, "ga baƙuwa."

Haka aka yi cinikin. Auta na magana, muryarsa na fita kamar ta wani. Baba na tsaye a baya, in an tambayi irin katako ya amsa, ya ƙara da "in Yallaɓai ya yarda." Duk Yallaɓai ɗaya sai Auta ya ji zufa ta keto masa a baya. Matar ta tafi da murna, a bakin ƙofa ma ta ce masa, "Ka ci gaba da kula da tsohon nan."

Ƙarar motar ta ɓace. Auta ya zaro waya, ya goge sharhin, duk da ya san magana zarar bunu ce.

"Baba..." ya fara.

"Na yi daidai?" Baba ya tambaya, yana neman fensirinsa a kan teburi. "Ban ɓata maka ba ko?"

Ba gatse yake yi ba, da gaske yake tambaya, kuma wannan ne ya karya Auta. Ya durƙusa a cikin garin katako, kwat da komai, hawaye na zuba.

"Tashi, kar wani ya shigo ya ga shugaba a ƙasa," in ji Baba. Ya ɗauki zarto, ya daidaita katako, ya tsaya bai fara yanka ba. "Ni na ɗauka, ba komai. Abu ɗaya nake roƙonka. Kar uwarka ta ji."